Girgije Ba Ya Kiwon Kansa: Martani Ga Masu Cewa A Sallami Masu Kula Da Na'urori

 Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimomi ne suka sha kaina, sai a yi haƙuri. Yau ɗin ma ban yi niyyar rubutu ba, wani zama ne da aka gayyace ni a Wuse II makon jiya ya tsaya mini a rai, na ga idan ban amayar da abin da ke cikina ba to ba zan samu sukuni ba. Kuma tun daga farko ina neman afuwar 'yan uwana waɗanda muka dawo daga Turai da Amurka, domin yau a cikin gidanmu zan yi faɗa.

Abin da ya faru shi ne, akwai wani kamfani a nan Abuja, ba babba can ba, wanda aikinsa shi ne karɓar kuɗin makaranta a madadin wasu makarantu masu zaman kansu, da biyan albashin malamansu a ƙarshen wata. Ba zan kama suna ba. Kamfanin yana da ma'aikata biyar da ke kula da na'urorinsa dare da rana. Sai ga wani abokina da ya dawo daga Kanada bai fi shekara guda ba, ya zo wa mai kamfanin da shawara: a kwashe komai a mayar kan girgije, a saita shi ya riƙa tafiyar da kansa, a sallami huɗu daga cikin biyar ɗin nan, a bar ɗaya saboda ko-ta-kwana. Ya haska mana hotuna a bango masu launi-launi, ga kibiyar riba ta yi sama, ga ta albashi ta yi ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a can yanzu an daina ɗaukar irin waɗannan ma'aikata. Na'ura ce ke gyara kanta, kai kana can kana barcinka."

Alhaji ya juyo ya dube ni ya ce, "Injiniya, kai ma ai ka yi aikin nan a Ingila. Haka abin yake?" Wallahi nauyi ne ya kama ni, ga abokina a zaune, ga shi shi ya gayyato ni don in gyaɗa masa kai. Sai na ɓige da cewa, "To, Alhaji, akwai dai abin dubawa." Aka sha shayi aka watse. Da zan fita na bi ta ƙofar ofishin yaran nan biyar, suna ta aikinsu, ba su san ana cinikin abincinsu a saman bene ba. Tun daga ranar nake jin haushin kaina. To ga amsar da ya kamata in bayar a wurin ban bayar ba.

Wai mene ne ma girgijen?

Saboda mai karatun da ba fagensa ba ne, bari in ɗan warware. Duk manhajar da ke cikin wayarka, ta banki ce ko ta sayen kati, tana magana ne da wata babbar kwamfuta da ke girke a wani wuri, wadda muke kira uwar garke. A da kowane kamfani shi ke sayen tasa, ya ware mata ɗaki, ya sa mata na'urar sanyaya ɗaki da janareto. A shekarar 2006 kamfanin Amazon ya fara bayar da hayar irin waɗannan kwamfutoci ta intanet, kana biya gwargwadon abin da ka ci, kamar mitar wutar lantarki. Daga baya Google da Microsoft suka bi sahu. Wannan haya ita ake ce wa girgije. Sunan ne kawai ke sama, amma kwamfutar wani ce, a ɗakin wani, galibi ma a ƙasar wasu.

Su kuwa ma'aikatan da ake son sallama, tunda mun ce uwar garke, bari in kira su makiyaya. Su ne ke ɗora sabuwar manhaja idan masu rubuta ta sun gama, su sa ido a kan lafiyarta, su ajiye kwafin bayanai, su toshe kafar da ɓarayin intanet za su shigo, kuma su ake tasa ƙarfe biyun dare idan abu ya tsaya. Babban rashin sa'arsu shi ne, idan sun yi aikinsu da kyau babu abin da ke faruwa, sai mai gida ya fara tambayar kansa wai me ma yake biyan su.

Wannan alkawari na garke ba makiyayi ba yau aka fara shi ba. Tun 2011 wani manazarci a kamfanin bincike na Forrester da ke Amurka ya raɗa masa suna, aka yi ta yayata cewa kwanan makiyaya ya ƙare. Yau shekara goma sha ke nan, an dawo da tallar cikin sabuwar riga, wai yanzu ƙirƙirarriyar basira ce za ta ƙarasa aikin.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ni ba maƙiyin girgije ba ne, da shi na ci abinci shekaru da dama. Na san wahalar da aka sha a da: a sayi uwar garke a jira ta wata uku kafin ta fito daga tashar Apapa, a kwana a ofis ana gadin janareto, faifan ajiya ya mutu ranar Sallah. Abin da a da yake cin mako biyu yanzu minti biyar ne. Duk aikin da ake maimaitawa kullum iri ɗaya, to lallai a bar wa na'ura, ta fi mu juriya kuma ba ta mantuwa. Har a gida ma hukumar NITDA ta fitar da manufar ƙasa kan girgije a 2019 tana ƙarfafa wa ma'aikatun gwamnati gwiwa su koma can, kuma ban ga laifin haka ba. Inda muka raba gari da abokina shi ne inda ya ce tunda na'ura ta karɓi aikin hannu, to ta karɓi aikin gaba ɗaya.

Darasin da ke Maitama

Ba sai mun je Kanada neman misali ba, ga shi nan a Maitama, a hedikwatar hukumar zaɓe ta INEC. Hukumar tana da shafin da ake kira IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa kai tsaye don kowa ya gani da idonsa. An fara amfani da shi a 2020 a wani zaɓen cike gurbi a jihar Nasarawa, aka kuma yi amfani da shi a zaɓen gwamnan Ekiti da na Osun a 2022, ya yi aiki har jama'a suka saki jiki da shi. Ranar Asabar 25 ga Fabrairun 2023, rumfuna sama da 176,000 suka tashi tura sakamako daga na'urar BVAS. Na majalisar dattawa da na wakilai ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya ce bai san zance ba.

A rahoton da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024, ta ce matsalar daga yadda aka tsara ma'ajiyar take. An gina ta ne jiha-jiha, kowane zaɓe yana da jihar da yake ƙarƙashinta. Shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na wata jiha ba ne, don haka manhajar ta rasa aljihun da za ta jefa shi, sai ta riƙa maido da saƙon kuskure. Sai da ma'aikata suka zauna suka gano bakin zaren, suka yi gyaran gaggawa, sannan takardar farko ta shiga da ƙarfe 8:55 na dare. Da aka je kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kuma, ɓangaren masu ƙara ya gabatar da wata ma'aikaciyar Amazon, domin a girgijensu shafin yake, ta ce na'urorin kamfaninsu lafiya lau suka wuni ranar.

Na san akwai 'yan Nijeriya da yawa da ba su gamsu da bayanin hukumar ba har gobe, kuma ni ban zo nan don in yi shari'ar zaɓe ba, Kotun Ƙoli ta rufe nata babin tun Oktoban 2023. Amma mai karatu, ɗauki maganganun nan biyu ka ajiye su kusa da juna. Ɗaya ya ce girgije lafiyarsa ƙalau. Ɗaya ya ce abin da muka ɗora a kansa ne ya sarƙe. Maganganun ba su ci karo da juna ba, kuma su ne ainihin abin da nake son faɗa. Girgije gidan haya ne. Mai gida ya ɗauki nauyin rufi da katanga da famfo, amma yadda ka jera kayanka a ɗaki, da wanda ka ba makulli, wannan naka ne. Haka yake rubuce ɓaro-ɓaro a ƙa'idojin manyan kamfanonin nan, cewa alhakin raba shi aka yi biyu, sai dai masu haska hotuna a bango ba sa kaiwa wannan shafi.

Kuma ka lura da irin kuskuren. Duk zaɓukan da shafin ya yi nasara a kansu a baya na cikin jiha guda ne. Ranar da wani abu ya zo wanda bai taɓa gani ba, sai ya tsaya cak. Na'ura mai gyara kanta tana gyara abin da aka riga aka sanar da ita ne. Abin da babu wanda ya hango, sai mutum. Sa'o'i kaɗan ne aka yi a wannan hali, amma amincewar da ta zube a ranar har yau ana kwasar ta.

Su masu girgijen ma ba su kori nasu ba

Wani zai ce ai wannan Nijeriya ce, mu ne ba mu iya ba. To mu leƙa gidan waɗanda suka iya.

Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan sa'a shida, kowa a nan ya ɗauka datarsa ce ta ƙare. Wani umarni ne aka bayar yayin gyara na yau da kullum ya katse hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin kamfanin. Akwai manhajar da aka sa musamman don ta tare irin wannan kuskure, ita ma ashe tana da nata ciwon, ta bar shi ya wuce. Kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyara da su daga nesa su ma suka tafi tare da sauran. Ƙarshenta sai da aka tura mutane da ƙafafunsu zuwa inda na'urorin suke.

Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ɗan sabuntawa wanda ke sauka da kansa ba tare da an tambayi kowa ba. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka durƙushe, filayen jiragen sama da asibitoci da bankuna suka rikice, kamfanin jiragen Delta shi kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 a cikin kwana biyar. Ɓarnar cikin ƙiftawar ido ta bazu, domin na'ura ce ta raba ta. Gyaran kuwa, a kwanakin farko, sai da mutane suka riƙa bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu. Kamfanin da ya riga ya sallami makiyayansa, wa zai aika?

A Mayun 2024 Google ya goge ma'ajiyar wani asusun fansho na Ostareliya mai suna UniSuper, mai mambobi sama da 600,000. Wani gurbi ne aka bari babu komai lokacin saita musu wurin, na'ura ta cike shi da wa'adin shekara guda, da shekara ta cika ta share komai kamar yadda aka tsara ta. Abin da ya taimaka wajen ceto su shi ne suna da kwafin ajiya a wani wuri dabam. Wani ɗan Adam ne ya zauna wata rana ya ce kada mu zuba ƙwanmu duka a kwando ɗaya, kuma na tabbata a lokacin akwai wanda ya ce ɓarnar kuɗi ce.

Na baya-bayan nan da ya fi ba ni dariya shi ne na Amazon kansa, ranar 20 ga Oktoban 2025, a cibiyarsu ta jihar Bajiniya. Manhajoji biyu masu aiki da kansu, waɗanda aikinsu shi ne sabunta adireshin wata babbar ma'ajiya, suka yi karo da juna, ɗaya ta rubuta tsohon bayani, ɗaya ta zo ta share shi, aka wayi gari adireshin babu komai. Tsarin ya kasa warware kansa. A bayanin da kamfanin ya fitar, ya ce sai da ma'aikata suka sa hannu, sannan ya dakatar da wannan tsari mai sarrafa kansa har sai an gyara shi. Jama'a, wanda ya ƙirƙiro sana'ar ke nan!

Ita ma ƙirƙirarriyar basirar da ake yi mana barazana da ita, a Yulin 2025 wadda kamfanin Replit ke haya ta goge ma'ajiyar bayanan wani ɗan kasuwa a Amurka, alhali an umarce ta kada ta taɓa komai, har shugaban kamfanin ya fito fili ya ce abin bai kamata ya faru ba.

Tun 1983 wata masaniya 'yar Ingila mai suna Lisanne Bainbridge ta yi wannan bayani, a kan masana'antu ma take magana ba girgije ba. Ta nuna cewa idan ka miƙa wa na'ura sassauƙan aiki, abin da ya rage wa mutum shi ne mafi wuya, kuma ga shi ka hana shi atisayen yau da kullum da zai sa ya iya mai wuyar idan ranar ta zo. Wato gwargwadon yadda na'urarka ta ƙware, gwargwadon yadda kake buƙatar ƙwararren mai tsaron ta. Shi ya sa Google tun 2003 ya kafa rukunin injiniyoyi na musamman don wannan aiki, ya kuma sa musu ƙa'ida cewa aikin maimaici kada ya ci fiye da rabin lokacinsu, sauran rabin su yi ta gina abin da zai rage shi. Ɗaukaka darajar aikin suka yi. Mu kuma a Wuse II ana ce mana a can an daina.

Nan kuma ba Kanada ba ne

Wannan shi ne ciwon da ke damun mu 'yan dawowa, har da ni. Mutum zai sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da tsari a cikin jakarsa, ya manta cewa tsarin nan an gina shi ne a kan abubuwan da can ba a ko tunaninsu saboda kullum suna nan.

Na farko, hanya. Amazon ya buɗe babbar cibiyarsa ta farko a Afirka ne a Kef Tawun a 2020, kuma kamfanoninmu da yawa a Turai ko Amurka suke ajiye kayansu. Ke nan tsakanin uwar da ke son biyan kuɗin makarantar ɗanta a Kubwa da uwar garkenka akwai teku. Ranar 14 ga Maris 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Kodebuwa. Manhajojin bankuna suka tsaya, gyaran wayoyin ya ɗauki makonni. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu mutanen da suka san wata hanyar, suka ɗaga waya suka nemo gurbi a kan wayoyin da suka tsira irin su Glo-1 da Equiano, suka karkatar da zirga-zirga. Girgijen yana can lafiyarsa ƙalau, mu ne ba mu da hanyar zuwa gare shi.

Na biyu, kuɗi. Girgije galibi da dala ake lissafin kuɗinsa, kai kuma da naira kake ciniki. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Tsarin da ke ƙara wa kansa na'urori idan cunkoso ya yi yawa abu ne mai kyau, amma shi bai san farashin dala a Zone 4 ba. Idan babu mai duba mitar kullum, yana kashe abin da ba a buƙata, albashin mutum huɗun da ka tsimi a dare ɗaya zai iya tafiya. Garin neman gira a rasa ido.

Na uku, halin kasuwarmu. Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace kowa ya koma tiransifa. Kuɗi ya fita daga asusunka, bai isa wurin mai shago ba, kana tsaye da ledar kayanka kana jiran alat. Irin wannan cunkoso wata sanarwa ce daga Babban Banki ta haifar da shi, kuma babu manhajar da ke sauraron labaran ƙarfe bakwai.

A nan ne zan kawo abin da ya sa na ce raina ya ɓaci. Cikin yaran nan biyar akwai wani da ke zuwa daga Mararraba, kullum sai ya yi sammako saboda cunkoson Nyanya. Bayan zaman nan na nemi shi muka yi hira, ban gaya masa dalili ba. Ya ba ni labarin farkon wani zangon karatu da ya lura kuɗin da ke shigowa wata makaranta ya zarce adadin ɗalibanta. Duk fitilun allonsa kore ne, babu ƙararrawar da ta kaɗa, a wurin na'ura ciniki ne ya yi kyau. Shi kuwa ya san makarantar, ya san unguwar ba ta da sabis mai kyau. Ashe iyaye ne ke danna "biya", abin ya yi ta juyawa, su sake dannawa, su kuma sakewa, wani sabon gyara da aka yi wa manhajar kuma ya sa tana ƙirga kowace dannawa a matsayin biya dabam. Ya tsayar da abin cikin dare, ya tashi mai rubuta manhajar, kafin gari ya waye sun fara mayar wa mutane kuɗinsu. Na tambaye shi ko Alhaji ya san wannan labari. Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ai tunda ba a yi ƙara ba, babu abin da za a faɗa." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan yaro yana cikin huɗun da aka ja wa layi.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskure

Don kada a ce ina wanke kaina: a wani kamfani da na yi aiki a Ingila, ina cikin waɗanda suka tsara irin wannan ragi, har aka yaba mana. Aikin bai tafi ko'ina ba. Wayar da ake kiran makiyaya da ita cikin dare aka miƙa wa masu rubuta manhaja, mutanen da ba su taɓa koyon aikin ba kuma ba a ƙara musu ko sisi ba. Cikin shekara guda ƙwararrunmu suka fara ajiye aiki saboda rashin barci, kamfanin ya dawo yana ɗaukar 'yan kwangila da tsada don su yi aikin da muka ce ya mutu. A takarda an rage ma'aikata, a zahiri suna kawai aka canza wa aikin. Wannan labari ba ya shiga cikin hotunan da muke haskawa idan mun dawo gida, domin ba ya sayar da shawara.

Kuma ku lura, mai ba da shawara kuɗinsa yake karɓa ya tafi. Ranar da albashin malamai ya maƙale ana jibi Sallah, yana iya kasancewa a Toronto. Alhaji ne za a yi wa cincirindo a ƙofar ofis.

Akwai kuma abin da ya fi kamfani ɗaya girma. Babban injiniyan da kowa ke nema, wanda zai dubi allo ya ce ga inda matsalar take, ba daga sama ya faɗo ba. Ƙaramin makiyayi ne da ya shekara biyar yana kwana da na'ura, ya yi kuskure aka gyara masa. Ƙwararrunmu da yawa sun riga sun fice ƙasashen waje, bankuna ma sun ji a jikinsu. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha. To idan muka horar da su, sannan muka toshe ƙofar da ake shiga a koyi aikin a aikace, ina za su? Nan da shekara goma wa zai gaji wanda aka bari shi kaɗai ɗin? Shi kansa ɗayan, ba ya ciwo ne, ba ya zuwa ta'aziyya Katsina, ko ba za a ba shi biza ba? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da na rubuta wa Alhaji

Jiya da daddare na tura masa saƙo, na ce masa amsar da na ba shi ranar nan ta kunya ce, ga ta gaskiya. Na ce ya koma girgije, wannan shawara ce mai kyau. Ya bar na'ura ta karɓi duk aikin maimaici. Amma yaran nan biyar su za a ba aikin ƙaurar, a biya musu horo, domin su suka san inda kowace waya ta bi. A ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam, ko da a cikin gida ne, tunda akwai cibiyoyin adana bayanai a Legas da nan Abuja, kuma duk bayan 'yan watanni a gwada dawo da shi a gani ko da gaske yana dawowa. A ware mutum guda da zai riƙa duba kuɗin dala kowane mako. A riƙa kashe wani sashe da gangan da rana tsaka, a ga yadda za a tashe shi, tun kafin ya mutu da kansa cikin dare. Idan bayan shekara biyu aiki ya ragu da gaske, wanda ya samu wani wuri ya tafi ba sai an maye gurbinsa ba, wannan ragi ne na hankali. Na kuma ce ya yi wa duk mai kawo masa irin wannan shawara tambaya ɗaya: idan abin ya tsaya ƙarfe biyun dare ranar 28 ga wata, lambar wa zan kira, kuma zai ɗauka?

Har yanzu bai ba ni amsa ba, na dai ga alamar ya karanta. Abokina kuwa na kira shi tun kafin in rubuta wannan, don kada ya ji a bakin wani. Ya ce na tsufa, tunanina na zamanin janareto ne. Na ce na ji, amma ya zo mu ci kilishi a Area 1 ranar Asabar mu ƙarasa musun, ni zan biya, da tsabar kuɗi ba tiransifa ba.

Duk abin da Alhaji ya yanke zan sanar da ku in Allah Ya so. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a lokacin da ake buƙatarta, amin. Wassalam.